Babi Na Biyar: Kiyashi, Cinnaka Da 'Yan Uwansu

Duk gidan da ake ɗora tukunya ya san kiyashi. A bar kofin shayi a kan tebur a je a yi sallah, kafin a sallame sun ja layi tun daga gindin bango har bakin kofin. Abin da aka saba yi kuma sananne ne: a ɗauko maganin feshi a bi layin da shi, a share gawarwakin, a ce an gama da su. Kwana biyu sai ga su sun ɓullo ta wata kusurwa, wani lokacin ma har sun fi na da yawa. Daga nan sai a ɗora wa maganin laifi, a ce na jabu ne. Galibi maganin ya yi aikinsa, ya kashe duk wanda ya taɓa. Matsalar ita ce waɗanda ya taɓa ɗin 'yan aike ne kawai, masu gidan suna can cikin bango ko ƙarƙashin daɓe ba su ma san an yi ba.

Kowane gidan tururuwa, babba ko ƙarami, yana da sarauniya wadda ba ta da aikin da ya wuce saka ƙwai. Sauran da muke gani suna kai-komo 'ya'yanta ne mata, ba sa haihuwa, aikinsu haƙa da reno da tsaro da nemo abinci. Masu fita neman abincin kuwa kaɗan ne daga cikin jama'ar gidan, kuma yawanci tsofaffinsu ne waɗanda ajalinsu ya riga ya ƙarato. In aka kashe dubu yau, sarauniya na nan tana zuba ƙwai, akwai kuma tsutsotsin da ake reno waɗanda za su maye gurbi. A wasu nau'o'in sarauniya takan daɗe ƙwarai; an taɓa ajiye ta wata baƙar tururuwa ta ƙasar Turai a ɗakin bincike ta kusa shekara 30 da rai. Saboda haka duk dabarar da ba ta kai ga sarauniya ba, sassauci ne na ɗan lokaci. Batun ƙarar da su daga doron ƙasa kuwa a manta da shi: wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2022 ya nuna cewa kowane mutum guda a duniya, in da za a raba, zai tashi da tururuwa wajen miliyan biyu da rabi. Abin da ake nema shi ne su zauna a waje, mu zauna a ciki.

Kafin a sayi komai, a fara sanin da wa ake faɗa, domin Bahaushe bai tara su a suna ɗaya a banza ba. Kiyashi shi ne ɗan mitsitsin nan, ja-ja ko ruwan ƙasa ko baƙi, mai bin sukari da zuma da maiƙo, kuma shi ne ainihin ɗan cikin ɗaki. Cinnaka baƙi ne, ya fi kiyashi girma, ya fi zama a tsakar gida da gindin bango da ƙarƙashin tabarma, shi ne wanda aka yi wa kirari da cewa bai san na gida ba. Tururuwa babba ta fi son fili da gona, tana jan hatsi zuwa raminta ta tara, har ta kai a shekarun yunwa mutanen Sahel sukan tone gidanta su kwashi abin da ta ajiye. Kwarkwasa kuwa baƙuwa ce mai wucewa, za mu zo kanta. Gara ba ta cikin wannan lissafi ko kaɗan. Duk da kamar da ake gani, ta fi kusa da kyankyaso a dangantaka, kuma maganinta daban ne. In aka ga masu fiffike sun fito bayan ruwan farko, a duba ƙugu: tururuwa ƙugunta a tsuke yake, fiffikenta na gaba ya fi na baya tsawo, shinge kuwa, wato gara mai fiffike, jikinsa sambal ne, fikafikansa huɗu tsawonsu ɗaya. Karin maganar nan da ke cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, rabinta gaskiya ne. Mazan suna mutuwa jim kaɗan bayan barbara, amma macen da ta tsira takan karya fikafikanta ta shige rami ta kafa sabon gida.

Layin da suke bi

Kiyashi ba ya bin juna da ido. Wadda ta fara gano abinci, in za ta koma gida, takan riƙa goga ƙarshen cikinta a ƙasa tana barin wani sinadari mai ƙanshi wanda hancin mutum ba ya ji. 'Yan uwanta su bi ƙanshin da 'yan gashin nan biyu na kansu, su ma in sun samo su ƙara nasu a kai, hanya ta yi ƙarfi. Edward Wilson na Jami'ar Harvard a Amurka ya nuna haka a fili a 1959, lokacin da ya ciro sinadarin daga jikin wata jar tururuwa ya zana layi da shi, suka bi layin tiryan-tiryan alhali babu komai a ƙarshensa. A 2005 kuma masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka gano cewa wani nau'in kiyashi har alamar hani yake sawa a mararraba, don kada 'yan uwa su ɓata lokaci a hanyar da ba ta kai ga abinci.

Amfanin sanin wannan ga uwargida biyu ne. Na farko, layin da kansa zai kai ta ƙofar da suke shigowa, in ta daure ba ta tarwatsa shi ba ta bi shi a hankali har inda ya ɓace: tsagar siminti, bakin taga, ramin da wayar lantarki ta ratsa, bayan tayil, gindin famfo. Na biyu, sharewa da tsintsiya ba ta goge hanyar. Ƙanshin yana nan, minti kaɗan za su sake jeruwa. Ruwan omo ko na sabulu, ko ruwan kal da aka sirka da ruwa, shi ke wanke shi. Ruwan sabulun ma yana kashe waɗanda ya jiƙa nan take, kuma ba ya barin guba a inda ake yanka albasa.

Abin da ya sa feshi ke ƙara ɓata lamari

Akwai wani ƙaramin kiyashi mai launin rawaya-rawaya, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, wanda masana ke kira kiyashin Fir'auna tun da wani masani mai suna Linnaeus ya raɗa masa sunan a 1758. Ya bi kayan fatake da jiragen ruwa ya game duniya. Gidansa ba sarauniya ɗaya ke ciki ba, suna da yawa, kuma ba ya buƙatar rami: bayan soket, cikin kwali, tsakanin ninkin zanin gado, ko'ina ya samu ɗumi da laima ya isa. In aka fesa masa magani mai ƙarfin wari, waɗanda suka tsira sukan ɗebi ƙwai da tsutsotsi, wasu sarauniyoyi su bi su, a watse gida-gida. Gida ɗaya da ke kicin sai ya koma uku ko huɗu, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a banɗaki. Mai gida da kuɗinsa ya raba su. Irin wannan hali ba shi kaɗai ke da shi ba, yawancin ƙananan kiyashin da suka saba da zama cikin gine-gine haka suke yi.

Kuma kada a ɗauke shi abin wasa don ƙanƙantarsa. A 1972 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitocin Ingila, inda aka samu ƙwayoyin cuta irin su salmonela a jikin wannan kiyashi, yana yawo tsakanin magudanar ruwa da bandejin majinyata. Wanda ya bi ta kwata da dare shi ne da safe yake cikin gwangwanin madarar jariri.

Ga kuma haɗarin maganin kansa. Fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarin diklobos ke cikinsu, an yi su ne don gona, ba don ɗakin da ake kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi, amma har yau ana yayyafa shi a kicin, kusa da buhun shinkafa, a rufe ƙofa yara na ciki. Haka allin nan da ake zana layi da shi: yana kashe wanda ya taka, amma kamarsa ɗaya da allin makaranta, yaro mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa. A ganina babu kiyashin da ya kai a ɗauki wannan kasada saboda shi.

A ba su guzuri su kai gida

Dabarar da ke aiki ta dogara ne a kan yadda suke ciyar da juna. Tururuwar da ta gama girma ba ta iya haɗiye abu mai tauri, ruwa-ruwa take sha. Tana da wata 'yar jaka a cikinta inda take adana abin da ta sha, in ta koma gida ta amayo shi baki da baki ga masu reno, su kuma su ba tsutsotsi da sarauniya. Abu mai tauri kuwa tsutsotsi ake kai wa, su narkar da shi. Ke nan duk abin da 'yar aike ta sha a kicin ɗinka, in dai ta kai gida da rai, zai zaga gidan gaba ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne guba mai jinkiri, wadda ba za ta kashe ta a hanya ba, kuma ba ta da warin da zai sa ta ƙi sha.

Mafi sauƙin samu shi ne garin borik asid, ko ɗan uwansa borakis, a wajen masu sayar da sinadarai da wasu kemis. A auna rabin cokalin shayi na garin, da cokalin shayi 9 na sukari, a narkar a ruwan zafi mililita 250, wato rabin ledar fiya wata. Wannan ya ba da kimanin kashi 1 cikin 100 na maganin, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Sai mutum ya ga rabin cokali ya yi masa kaɗan, ya ƙara biyu don ya yi ƙarfi. In ya yi ƙarfi, ko dai su ƙi sha, ko su mutu a bakin kwano, sarauniya ba ta ɗanɗana ba. Ƙarancin shi ne sirrin. A jiƙa auduga da ruwan, a sa a cikin ƙaramar roba mai murfi da aka huda wa ƙananan ƙofofi a gefe, a ajiye a kan hanyarsu, kusa da inda suke ɓullowa. A rubuta a jikin robar cewa guba ce, a sa ta inda yaro da kyanwa da kaji ba za su kai ba. Borik asid bai kai fiya-fiya haɗari ba, amma ba abin sha ba ne, kuma ruwan sukari yana jan yara kamar yadda yake jan kiyashi. Ragowar ma kada a zuba ta a gorar lemo.

Ba kullum suke son zaƙi ba. Lokacin da gida ke cike da tsutsotsi sun fi neman maiƙo da nama, shi ya sa wani lokacin za a ga sun wuce sukari sun auka wa ƙuli-ƙuli ko kilishi ko busasshen kifi. Gwajin ba wuya: a ɗiga zuma a gefe guda na takarda, a sa ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa a ɗaya gefen, a dawo bayan awa guda a ga inda suka taru. In gyaɗar suka zaɓa, a cuɗa rabin cokalin shayi na garin a kofi guda na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a cuɗa sosai, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Akwai kuma na kanti da aka haɗa, na bututu da na 'yar leda. A duba lambar NAFDAC, a duba sunan sinadarin da ke ciki. Fifronil da imidaklofirid da indozakab duk suna cikin masu aiki ta wannan hanya.

Sai abu mafi wuya, wato haƙuri. Kwanakin farko za su yi dafifi a kan robar fiye da yadda aka taɓa gani, hannu ya riƙa ƙaiƙayin ɗauko feshi. Kada a taɓa su, kada a wanke hanyar da ke zuwa wajen, kada a fesa komai kusa. Wannan cincirindon shi ne alamar aiki na tafiya. A riƙa sabunta audugar in ta bushe, a kuma kawar da duk wani abincin da zai yi gasa da ita, domin kiyashin da ya samu buɗaɗɗen gwangwanin madara ba zai kula ruwan sukari ba. Cikin mako guda ana ganin sauƙi, amma kiyashin Fir'auna yana ɗaukar wajen mako shida daga ƙwai zuwa babba, saboda haka a bar tarkon a wurin har sai an yi makonni ba a ga ko ɗaya ba.

A gidan haya kuwa, inda ɗakuna ke jere bango ɗaya, aikin mutum ɗaya ba ya isa. Gidan kiyashin ya ratsa bangon kowa. In ɗaki ɗaya ya sa tarko, na kusa da shi yana feshi, na ukun ya bar kwanuka har safe, wahala kawai za a sha. Gara matan gidan su haɗa baki a yi a mako ɗaya. 

Toshe ƙofa

Bayan layi ya ɗauke ne ake toshe hanya, ba kafin nan ba, don kada a rufe su a ciki su nemi wata mafita. Siminti ko farin siminti ga tsagar bango da tayil, yaɓe ga ginin ƙasa, bazilin ga 'yar ƙofar da ba a samu damar liƙewa ba tukuna. A sare reshen mangwaro ko na lemo da ya taɓa rufi, domin gada ce. In bishiyar ta yi darɓa, to ita ce ke kiwon su: ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye suna fitar da ruwa mai zaƙi, tururuwa na sha tana kuma gadin su. A wanke ganyen da ruwan sabulu. A janye itacen girki da tarin bulo da bola daga jikin bango.

Iyayenmu sun san sauran. Ragaya da ake rataye ƙwarya a kai, da ɗora rumbu a kan duwatsu, da tsoma ƙafafun kabad a gwangwanin ruwa, duk hikima ɗaya ce, kuma har yau mai shayin da ya san aikinsa haka yake yi wa teburinsa. A ɗiga ɗan sabulu a ruwan don kada su taka samansa su haye, a riƙa canza shi kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Sukari da zuma da mazarƙwaila da dabino a roba mai murfin da ke kamawa, a goge jikin kwalbar ta waje, don ɗigon da ya gangaro ya ishe su biki. Watan azumi ya fi kowane lokaci buƙatar kula, saboda kofunan kunu da ake bari bayan sahur a koma barci. Toka da kanumfari da ɓawon lemun tsami da ganyen darbejiya suna sa su kauce na ɗan lokaci, amma ba sa kashe gida, kuma in aka zuba su kusa da tarko sai su kore su daga abin da ake so su sha.

Ruwa ma abinci ne a wurinsu. Da rani, abin da ke kawo su ɗaki sau da yawa laimar gindin randa ce ko famfon da ke ɗiga; da damina kuma ruwa ne ke cika raminsu su hauro tudu da ƙwai a baki. Wani abu da ya kamata a lura da shi a nan: in aka ga kiyashi na yawan taruwa a inda wani ya yi fitsari, ko a fo ɗin yaro, a je a auna sukarin jini. Likitocin Indiya na zamanin da da wannan alama suke gane ciwon suga. Ba hujja ba ce, amma gwajin ba shi da tsada.

Cinnaka da kwarkwasa

Cinnaka raminsa a ƙasa yake, kuma yawanci ana ganin bakinsa da 'yar ƙasar da ya turo. A kwarara masa ruwan omo mai yawa da yamma, a maimaita, sannan a liƙe wurin. Kada a zuba fetur ko kananzir ko baƙin mai. Suna gangarawa rijiya, ga kuma gobara. Zafin harbinsa yakan wuce da kansa, ruwan sanyi ya isa. Amma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar dafin. A Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa likitoci sun sha karɓar waɗanda wata baƙar tururuwa mai harbi, wadda take ko'ina a ƙasashenmu na savana, ta jefa cikin mawuyacin hali. Duk wanda aka harba ya ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri, asibiti za a nufa da shi nan take.

Kwarkwasa ta fi yawa a inda ake samun ruwa sosai, kamar kudancin Kaduna da Filato da Taraba zuwa kudu. Ba ta da mazauni na dindindin, rundunarta kan kai miliyoyi, kuma makauniya ce, ƙanshi kawai take bi. In ta shigo gida da dare babu tarkon da zai yi aiki. A ɗauke jarirai da marasa lafiya da tsofaffi, a buɗe wa kaji da zomaye, a kwance dabbar da ke ɗaure, a zagaye akurki da toka mai kauri, a ba ta wuri. Cikin sa'o'i za ta wuce, ta kuma tafi da kyankyasan gidan.

Mai karatu Musulmi zai iya tambaya ko ya halatta a kashe su, tun da akwai sura sukutum mai sunan tururuwa a Alƙur'ani, sura ta 27, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan kashe ta tare da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu. Malamai da dama sun bayyana cewa hanin ya shafi wadda ba ta cutarwa ne. Wadda ke ɓata abinci ko cizon mutane an yarda a kawar da ita, sai dai ba da wuta ba, domin an yi hani a kan ƙona gidan tururuwa. Wannan ya yi daidai da abin da aikin ke buƙata. Tururuwar da ke wajen gida ko a gona tana sassauta ƙasa, tana cin ƙwan ƙwari, wasu ma gara suke farauta. A bar ta inda take, a sa tarko ga wanda ya shigo ɗaki kawai.